Zuma, dabino ko mazarƙwaila: me za mu sa a kwaɓi maimakon farin sukari?

A gidajenmu babu biki, babu suna, babu sallar da za ta wuce ba a kwaɓa fulawa ba. Fanke, cincin, dubulan, alkaki, ga kuma gato da ƴan matan yanzu suka ƙware a kai. Abu ɗaya ya haɗa su duka, shi ne farin sukari. To amma a ƴan shekarun nan iyaye mata da yawa sun shiga neman abin da zai maye gurbinsa. Wasu tsada ce ta kore su, domin mafi yawan sukarin da muke sha a Nijar daga waje ake shigo da shi, kuma tun takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta sa ma ƙasarmu a ƙarshen watan Yulin 2023, da rufe hanyar Kwatano, kayan masarufi suka hau. Wasu kuma likita ne ya ja kunnen maigida ko tsohuwar gida bayan awon jini.

Tambayar da ake yawan yi ita ce: in na bar farin sukari na koma zuma ko dabino, shi kenan na tsira? Amsar a taƙaice ita ce, zuma da dabino da mazarƙwaila duk sukari ne ke ba su zaƙinsu. Akwai riba cikin sauyin, amma ribar tana ga wanda ya san abin da ya zaɓa kuma ya rage awo. Ga bayanin dalla-dalla.

Aikin da sukari ke yi cikin kwaɓi

Farin sukari ruwan rake ne da aka tace, aka dafa, aka wanke har ya rabu da duk wani abu in ba zaƙin ba. A Turai kuma daga wata saiwa mai kama da babban karas ake fidda shi. Ba ya ɗauke da bitamin ko wani abin gina jiki, ƙarfi kawai yake badawa: kusan kalori 4 a kowane garam.

Amma cikin kwaɓi aikinsa ya wuce zaƙi. Shi ke riƙe damshi don kada gato ya bushe da wuri. Shi ke ba fanke da cincin jan launin nan da ke jawo ido. Idan aka buga shi da bota, ƙwayoyinsa ne ke shigar da iska cikin kwaɓin, gato ya tashi ya yi laushi. Shi ne abincin yis a kwaɓin fanke da burodi. Shi ne kuma ke sa cincin ya yi ƙaras-ƙaras ya daɗe cikin bokiti bai lalace ba.

Wannan ne dalilin da ya sa idan uwargida ta cire sukari gaba ɗaya ta zuba wani abu a makwafinsa ba tare da ta gyara sauran awon ba, sai ta ga gato ya kwanta, ko fanke ya ƙone a waje cikinsa ɗanye. Kowane abin zaƙi da halinsa, kuma sai an bi shi da halinsa.

Awon da masana lafiya suka bayar

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da shawara bisa shan sukari. Ta ce kada sukarin da ake ƙarawa cikin cimaka da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, in ma da hali a sauko ƙasa da kashi 5. Ga babban mutum, kashi 10 ɗin nan kusan garam 50 ne, wato ƙaramin cokalin shayi 12. Kashi 5 kuwa garam 25, cokali 6.

Don mu gane girman awon nan, ƙwayar sukari guda ta kwali tana da garam 5 zuwa 6. Gwangwanin lemun kwalba guda na iya ɗaukar kusan garam 35. Wanda ya sha koko da sukari da safe, ya zauna fada aka zagayo da shayi sau uku, da marece ya sha bisab mai sanyi, to ya wuce garam 50 tun kafin a kawo farantin cincin.

Abin lura a nan shi ne, cikin lissafin OMS zuma da ruwan ƴaƴan itace da aka matse layi ɗaya suke da farin sukari. Wanda ba a sa cikin lissafin ba shi ne zaƙin da ke cikin ɗan itace da aka ci shi ɗungurungum da namansa, da kuma zaƙin da ke cikin madara tun asali. Dalili kuwa, ɗan itace yana zuwa da harza, wato zare-zaren nan da ciki ba ya narkarwa, wanda ke sa mutum ya ƙoshi da wuri kuma zaƙin ya shiga jini sannu a hankali. Wannan bambanci shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

Zuma

Kafin farin sukari ya cika kasuwa, da zuma kakanninmu ke yin nakiya da alkaki na gara. Har gobe muna da ita a gida: ana kiwon zuma a yankin Madarunfa, da Magarya da Matamai, da Gaya, da kuma wajen Makalondi da Tamu. Darajarta a addini da al'ada ba abin musu ba ce. Sai dai ko magani da awo ake shan sa.

Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, kusan kashi 17 ruwa, ɗan abin da ya rage shi ne ƙamshi da sinadaran da ke bambanta ta da farin sukari. Ta fi sukari zaƙi a baki, kuma ta fi shi nauyi: babban cokali na zuma ya kai garam 21, na sukari kuwa wajen garam 12 ne.

Ƙa'idar da masu gashi suka saba bi ita ce, inda aka ce kofi guda na sukari, a sa kashi uku cikin huɗu na kofin da zuma. To bari mu yi lissafi. Kofin sukari garam 200 ne. Kashi uku cikin huɗu na kofin zuma ya kai garam 250, kuma sukarin da ke cikinsa ya kai garam 200. Kun ga ashe ba a rage kome ba, an dai sauya ɗanɗano, an kuma ƙara kashe kuɗi. Wadda ke son ragi na gaskiya sai ta tsaya a rabin kofi. Ƙamshin zumar zai cike gurbin.

Abubuwa uku ake gyarawa idan za a yi gato da zuma. Na farko, a rage ruwa ko madarar kwaɓin da babban cokali 3 zuwa 4 ga kowane kofin zuma, tunda ita ma ruwa ce. Na biyu, a ƙara ɗan bikarbonat, kamar kwatan ƙaramin cokali, domin zuma na da ɗan tsami da ba a ji a baki, bikarbonat ɗin ke daidaita shi ya taimaka ma tashi. Na uku, a rage wuta. Zuma na saurin yin ja fiye da sukari. Mai tanderun gas ko na lantarki ta rage kamar digiri 15, mai gashi da gawayi ta janye garwashi kaɗan daga ƙasan tukunya.

Zancen jabu kuma gaskiya ne, akwai masu dafa sukari su gauraya su sayar da sunan zuma. Gwaje-gwajen da ake yi a gida, na ɗiga ta cikin ruwa ko na kunna ashana, ba su da tabbas. Daskarewa ma ba alamar jabu ba ce, zuma ta ƙwarai na iya yin tsaki-tsaki musamman lokacin ɗari. A sa kwalbar cikin ruwan ɗumi za ta narke. Abin da ya fi shi ne a saya wurin mai kiwon da aka sani ko ƙungiyar masu kiwo.

Mazarƙwaila

Mazarƙwaila ruwan rake ce da aka dafa har ya yi kauri, aka zuba a ƙananan kwanoni ya daskare, ba tacewa ba wankewa. An fi saninta da ƙasar Zazzau a Najeriya, wajen Maƙarfi, daga can take shigowa kasuwanninmu na bakin iyaka. Rake dai muna noma shi a koramun Matamai da Magarya da kuma fadamun jihar Doso, amma yawancinsa shan baki ake yi.

Tunda ba a wanke ta ba, tana riƙe da ɗan sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da wasu gishirin jiki. Amma kaɗan ne ƙwarai. Kafin mutum ya samu abin kirki daga ciki sai ya sha sukarin da ya wuce kima. Ganyen zogale ko hanta sun fi ta nesa ba kusa ba a wannan fanni. A jikin mai ciwon sukari, mazarƙwaila da farin sukari tafiyarsu ɗaya.

Inda ta yi fice shi ne ɗanɗano da sauƙin aiki. Cikin duk abubuwan da za mu ambata ita ce mafi kusa da sukari a hali, don haka kofi da kofi ake musanyawa, kuma saboda ƙamshinta mai ƙarfi ana iya rage kashi ɗaya cikin huɗu ba wanda zai lura. A kankare ta da wuƙa ko a daka, in an ga alamar ƙasa ko toka sai a narka ta cikin ɗan ruwan zafi a tace da rariya mai laushi, a lissafa ruwan cikin ruwan kwaɓi. Tana sa kaya su yi duhu, kuma tana shiri da citta, kanumfari da kimba. Ga alkaki, ana iya dafa ta da ɗan ruwan tsamiya a tsoma a ciki kamar yadda ake yi da sukari.

Dabino

A nan ne sauyin ke fara yin ma'ana, domin dabino ɗan itace ne da ake sa shi da namansa duka. Garam 100 na busasshen dabino na ɗauke da sukari wajen garam 65, amma yana zuwa da harza garam 7 zuwa 8, da sinadarin potasiyom mai yawa. Muna da namu na Bilma da Jado, da na Timiya da Ingal a jihar Agadas, da na kwarurrukan Gudumariya da Gidimuni, ga kuma wanda ke shigowa daga Aljeriya da Libiya.

Hanya biyu ake sarrafa shi. Ta farko ita ce kwaɓaɓɓen dabino. A buɗe kowane ɗaya a cire ƙwallo, a duba ciki da kyau saboda tsutsa da ƙwari, a wanke. A jiƙa kofi guda cike da dabino cikin rabin kofin ruwan zafi na minti 20 zuwa 30, busasshe sosai ya fi haka. Sai a markaɗa ko a kirɓa a turmi da ruwan jiƙon har ya yi sumul kamar tunkuza mai laushi. Kofi guda na wannan kwaɓi na tsayawa a madadin kofin sukari, sai a rage ruwan kwaɓin fulawa kaɗan. A firij yana kai mako guda. Inda babu firij a yi na ranar kawai.

Hanya ta biyu garin dabino ne, kuma busasshen dabino mai tauri irin na Kawar shi ya fi dacewa. A cire ƙwallo, a ƙara shanya shi har ya yi ƙarau, a daka a tankaɗe. Wannan gari ba ya narkewa cikin ruwa kamar sukari, saboda haka bai dace da shayi ba, amma cikin cincin da biskit da kunun yara ya yi daidai. A ajiye shi cikin kwalba mai murfi don yana jan damshi ya dunƙule.

Gato na dabino ba ya tashi fuka-fuka kamar na sukari, yana da ɗan nauyi da damshi, launinsa kuma ƙasa-ƙasa. Haka halinsa yake, ba kuskuren mai gashi ba ne.

Ayaba, dankali da mangwaro

Ayabar da ta nuna har bawonta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, wadda mai tebur ke neman rabuwa da ita da araha, ita ce ta fi kyau ga gato. A murƙushe manya guda 2 ko 3 da cokali, za su ɗauke rabin sukarin kwaɓi, har da wani ɓangare na mai.

Dankalin Hausa, wanda ake nomawa sosai a Balleyara da Bengu, yana da wani sirri: idan aka gasa shi sannu a hankali, wani kaso na sitacinsa na juyewa ya koma zaƙi. Shi ya sa wanda aka turbuɗa a toka ya fi dafaffe zaƙi. A gasa, a ɓare, a murje, a haɗa kofi guda da kofi 2 na fulawa a kwaɓin fanke ko burodin gida. An rage sukari, an kuma rage fulawa mai tsada. In an samu mai jan ciki, to an ƙaru da bitamin A.

Lokacin bazara da mangwaro ke zube a kasuwa, namansa da aka markaɗa na shiga gato shi ma, sai dai ruwa ya yi masa yawa. A ɗora shi bisa wuta kaɗan-kaɗan har ya ragu da rabi kafin a zuba.

Aya da ƴaƴan itacen dajinmu

Jihar Maraɗi ce cibiyar noman aya a Nijar, musamman wajen Agye da Gazawa, har ƙasar Spaniya ake kai ta. Aya na da zaƙinta, da mai, da harza mai yawa. In aka soya ta sama-sama aka niƙa aka tankaɗe, garinta na iya maye kashi ɗaya cikin huɗu na fulawa a biskit da gato, kuma saboda zaƙinta sai a rage sukari. Dakuwa ma ai shaida ce: aya da gujiya da ɗan yaji, in aka kirɓa da dabino ba ta bukatar sukari ko ƙwaya guda.

Magarya kuwa tun da daɗewa matan karkara ke daka busassun ƴaƴanta su fidda gari su yi akuri da shi, ba fulawa ba sukari. Garin goriba, wadda ta cika kwarin Gulbin Kaba, yana da zaƙi da ƙamshi mai kama da na citta. Garin ɗorawa mai ruwan ƙwai shi ma zaƙi gare shi sosai. Duk waɗannan ana iya zuba babban cokali 3 zuwa 4 cikin kowane kofin fulawa. Ba su da danƙon alkama, don haka in suka yi yawa kwaɓi ba ya haɗuwa. A tankaɗe su sau biyu saboda ɓawo da tsakuwa. A Damagaram akwai masana'antar Sahara Sahel Foods da ke sarrafa irin waɗannan ƴaƴan itace, abin da ke nuna cewa arzikin dajin nan na iya shiga leda ya hau kanta.

Wane ya dace da wane

- Fanke: yis ba ya bukatar sukari mai yawa, babban cokali guda ya ishe shi aiki. Sauran zaƙin a cike da dankali ko ayaba. In zuma aka sa, a rage wutar mai, in ba haka ba waje ya yi baƙi ciki bai soyu ba.
- Cincin da biskit: suna son busasshen abu. Garin dabino, garin aya ko dakakkiyar mazarƙwaila. Zuma na jan damshin iska, za ta sa su yi laushi bayan kwana biyu.
- Gato: kwaɓaɓɓen dabino, ayaba, ko rabin kofin zuma. Wanda ake son ya tashi sosai, irin na biki, a bar masa rabin sukarinsa a buga da bota, rabin kawai za a musanya.
- Alkaki da dubulan: zaƙinsu daga ruwan da ake tsoma su ne. A tsoma a tsame da wuri, a bari ya tsane a matsami. Ko da zuma aka yi, kayan ranar biki ne.
- Nakiya: zuma ce asalinta, a koma mata.
- Masa: cokali guda ya isa don tashi da launi.

Akwai kuma hanya mafi araha da ba ta bukatar sayen kome: a rage sukarin kawai. Yawancin gato da cincin na jure ragin kashi ɗaya cikin huɗu, har zuwa ɗaya cikin uku, ba tare da sun ɓaci ba. Ɗan gishiri, ɓawon lemun tsami da aka kankare, citta ko kirfa suna sa baki ya ji kamar zaƙin ya fi haka. In ana ragewa kaɗan-kaɗan a kowane kwaɓi, harshen mutanen gida na sabawa cikin ƴan makonni.

Misali: gato na dabino da ayaba

Kayan haɗi: fulawa kofi 2, dabino marar ƙwallo garam 200 da aka jiƙa aka kirɓa, nunanniyar ayaba 2, ƙwai 2, man gujiya rabin kofi, madara rabin kofi, hodar tashin gato ƙaramin cokali 2, bikarbonat rabin ƙaramin cokali, da ɗan gishiri.

A tankaɗe fulawa da hoda da bikarbonat da gishiri wuri guda. A wani kwano a kaɗa ƙwai da mai, a zuba dabino da ayaba da madara a juya. A haɗa su biyun, a juya daidai yadda gari zai ɓace, kada a yi ta bugu. A shafa ma gwangwani mai a zuba. A tanderu digiri 170, minti 40 zuwa 45. Mai gashi a tukunya ta zuba rairayi mai tsabta a ƙasa, ta bari ya yi zafi, ta ɗora gwangwanin, ta rufe, ta sa garwashin saman murfi ya fi na ƙasa yawa. In aka soka tsinke ya fito ba kwaɓi, ya gasu.

Yanzu lissafi. Dabinon ya kawo sukari wajen garam 130, ayaba wajen garam 30, jimla 160. Da farin sukari aka yi, da garam 200 ne. In aka yanka gida 12, kowane yanki na da kusan garam 13 maimakon 17. Ragin ba wani babba ba ne, amma an samu harza da ta haura garam 15 da farin sukari ba zai bada ko ɗaya ba, kuma yanki guda na riƙe ciki. Wanda ya ce tunda na dabino ne bari ya ci yanki uku, ya mayar da hannun agogo baya.

Masu ciwon sukari da jarirai

A nan muke roƙon a saurara da kyau. Babu ɗaya cikin abubuwan da muka lissafa da ke warkar da ciwon sukari, kuma dukansu suna ɗaga sukarin jini. Zuma da mazarƙwaila kusan daidai da farin sukari suke ɗagawa. Dabino na da ɗan sassauci albarkacin harzarsa, amma ƙwaya 2 ko 3 daban, cin kwano daban. Fulawar kanta ma cikin jiki sukari take komawa, saboda haka fanken da ba a sa ma sukari ko kaɗan ba bai zama halal ɗin mai ciwon ba. Kada wanda ke bisa magani ya ajiye maganinsa don wani ya ce masa zuma ta isa. A tambayi likita ko ma'aikacin CSI adadin da ya dace, musamman gabanin azumi.

Wanda ke fama da yawan ƙishirwa, yawan fitsari cikin dare, rama ba dalili, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ya je a auna shi. Ɗigon jini ne a ɗan yatsa. Idan awon safe kafin a ci kome ya kai garam 1.26 a lita, aka sake aka samu haka, to ciwon ne, kuma gano shi da wuri na tsare ido da ƙoda da ƙafa.

Game da ƙwayoyin zaƙi na kanti, irin su sakarin da stebiya: ba su ɗaga sukarin jini, amma ba su ba gato jiki ko launi, wasunsu ma zaƙinsu na gushewa a wuta. A watan Mayun 2023 OMS ta ba da shawarar kada a dogara da su don rage ƙiba. Shawarar ba ta haɗa da masu ciwon sukari ba, su likitansu ne zai yi musu jagora.

Sai jarirai. Kada a ba yaron da bai cika shekara guda ba zuma, ko lasawa ce, ko cikin gato ne da aka gasa. Tana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta da hanjin babba ke iya kashewa amma na jariri bai iya ba, kuma zafin gashi ba ya kashe ta. Cutar na sa jariri ya saki jiki, ya kasa tsotso, har numfashi ya gagara. Wata 6 na farko nonon uwa zalla, bayan nan in za a sa zaƙi a kunu, ayaba ko ɗan garin dabino sun wadatar. Ga manyan yara kuma, dabino da zuma na manne ma haƙori kamar alewa, a sa su wanke baki ko su yi asuwaki kafin kwanciya.

Ga masu sana'a

Mata masu soya fanke a bakin titi da masu yin gato na sayarwa su ne lissafin nan ya fi shafa. Zuma ta ƙwarai ta fi sukari tsada nesa, ba za ta fidda riba a fanken dala biyar ba. Dankali a lokacinsa da ayabar da ta nuna su ne ke rage kuɗin kwaɓi. Dabino da aya kuwa sun fi dacewa da kayan oda, inda mai saye ya san abin da yake biya.

A tuna kuma sukari na tsare kaya daga lalacewa. Gato mai ayaba ko dabino ko dankali na da damshi, a zafinmu ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 a waje, da damina ma bai kai haka ba. A yi daidai wanda zai ƙare, a bari ya huce sarai kafin a sa a leda. Sannan a faɗa ma mai saye gaskiyar abin da ke ciki. Rubuta “babu sukari” a kan gato na zuma ko na dabino na iya sa mai ciwo ya saki jiki ya ci abin da zai kwantar da shi. A rubuta “an yi da dabino”, ya fi tsare amana, kuma shi ma talla ne mai kyau.

Ga uwargidan da ke son farawa, shawararmu ita ce kada ta jira kwaɓin sallah ta yi gwaji a kai. Ta fara da kofi guda na fulawa ranar da ba baƙi, ta musanya rabin sukarin, ta riƙe awon da ta yi a ka ko a takarda. In ya yi, ta ƙara a na gaba. Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci.